Yayana a Ramin Kuza

Kwanakin baya na je gaisuwar rasuwa can wajen Naraguta, sai da keken da na shiga ya wuce wurin da barikinmu yake a da kafin na gane mun wuce shi. Gidajen bulo ne yanzu a jere, da ɗakunan haya na ɗaliban jami'a, da shagunan cajin waya, kowane shago da irin kiɗan da yake fitarwa. Tudun jar ƙasar da muke hawa muna yara an baje shi. Itatuwan turare da Turawan kamfani suka shuka an sare su an yi rufi da su. Na dawo gida jikina a sanyaye, ko abinci na kasa ci. Gidajen ba su dame ni ba, ai dole mutane su sami wurin kwana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a ƙarƙashin ɗaya daga cikin gidajen nan akwai wani rami da aka cike, kuma duk waɗanda suka san abin da ya faru a cikinsa sun tafi, saura ni.

Mu ƴaƴan barikin ma'aikatan kuza ne. Mahaifinmu leburan kuza ne, ya baro ƙauyensu yana saurayi da diga a kafaɗa, bai koma ba har ƙasa ta rufe masa ido. A lokacin ba agogo ke tashe mu ba. Kiran sallar asuba daga ɗan masallacin maƙwabtanmu shi ke fara motsa Inna, sai ka ji tana hura wuta tana ƴan waƙoƙinta na yabo ƙasa-ƙasa. Daga nan sai tarin leburori, da ƙarar shebur da kwanonin ƙarfe suna karo da juna a kan hanyar zuwa fili. Ranar Lahadi kuwa mai bishararmu ya ɗauki guduma ya bugi guntun ƙarfen titin jirgi da aka rataye a jikin mangwaro, ƙarar ta bi duwatsu har ƙetaren rafi. Aikina shi ne ɗebo ruwa da surfen acca, kuma wanda bai taɓa surfa acca ba bai san abin da ake kira haƙuri ba, tsaba ce ƙanana kamar yashi, ka surfa, ka wanke, ka rairaye, ka sake rairayewa, duk da haka Inna ta sa a baki ta ce da sauran ƙasa. In mun gama sai mu bi mata zuwa bakin rafi wankin kuza, kowa da ƙwaryarta, ƙafafu a cikin ruwa mai sanyi har sai sun daina jin komai. Da yamma in aiki ya tsaya, gari yakan yi tsit, har ka ji kukan saniya daga bayan dutse. Akwai shiru a wancan zamani, kuma ba mu ɗauke shi abin tsoro ba. Inna takan ce mana, in gari ya yi haka ku daina surutu, lokacin ne mutum yake jin abin da ke cikin ransa.

Yayana shi ne ɗan fari, ni ce auta, waɗanda ke tsakaninmu ba su rayu ba. Shi ne hasken gidanmu. Makarantar mishan ta ɗauke shi tun yana ƙarami, ya iya karatu da lissafi da Turanci, kuma in ya ɗaga waƙa a majami'a har matan zumunta sukan yi shiru su bar masa fili. Da ya gama, kamfanin kuza ya ɗauke shi akawu. Da kamfani ya fara ja da baya, Turawa suna tattara kayansu, bai zauna jiran kowa ba, ya ɗebi leburori ya buɗe ramukansa na loto, irin ramin nan mai kama da rijiya da ake sauka da igiya, a can ƙasa kuma a yi ta ƙwaƙulowa ta gefe ana bin jijiyar kuza. Abin ya karɓe shi. Ya cire wa ɗakin Inna ciyawa ya sa kwano, ya sayi babur, ya sayi rediyo mai kaset wanda duk bariki ake taruwa saurare. Ina so a fahimce ni da kyau a nan, don an saba in za a ba da irin wannan labari sai a ce mutumin mashayi ne ko azzalumi. Yayana ba mashayi ba ne, ba ya bin mata, bai taɓa danne haƙƙin lebura ba. Gwauraye da marayun bariki sun ci daga hannunsa. Abu ɗaya kawai ya ajiye, shi ne Allah, kuma ya ajiye shi ne ba da faɗa ba, kamar yadda mutum yake ajiye rigar da ta yi masa kaɗan.

Wata Lahadi Inna ta ɗaura ɗankwalinta ta tsaya a kansa yana goge babur. Ba ta kiran sunansa, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "kai".

"Kai, an buga ƙarfe."

"Na ji, Inna. Ku je, ku gaishe su."

"Me aka yi maka a can ne da ka ɗauke ƙafa?"

"Ba a yi mini komai ba," ya ce yana murmushi. "Na yi tunani ne, Inna, na duba, ban ga kowa a sama ba. Baba ya yi ta addu'a har tari ya cinye shi a kan tabarma. Mutum ya yi aiki, ya ci, ya taimaki na kusa da shi, in lokaci ya yi ya kwanta, shi ke nan. Ba sai an tsorata ni da wuta ba kafin in yi abin kirki."

Inna ta ce, "To. Ni dai zan ci gaba da kai ka gabansa, ko ka je ko ba ka je ba."

"Ki kai ni, Inna, ai ba ni da nauyi," ya ce, ya yi dariya.

Ina budurwa a lokacin, kuma maganar ta shige ni. Ga shi duk abin da ya taɓa sai ya yi albarka, ga mu nan masu zuwa majami'a ƙafafunmu duk faso. Amma da yake ni ke kai masa abinci, ina ganin abin da sauran mutane ba sa gani. Ba ya daɗewa yana murna da abu. Babur ɗin da ya yi ta mafarkinsa, bai jima ba ya fara zancen mota. In ya zauna da rediyo ba ya barin tasha ɗaya ta gama magana, sai ya yi ta murɗawa. Wata rana ramukansa suka ba da kuza irin wadda ba a taɓa gani ba, leburori suna rawa a waje, na shiga da kwano na tarar da shi zaune ya ƙura wa bango ido. Ya ce, "Auta, shi ke nan fa? Na ɗauka in na samu zan ji wani abu." Da ya ga na tsaya ina kallonsa, sai ya ce wasa yake yi, in ajiye abincin in tafi.

Ranar da abin ya faru ƙarshen damina ne, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. Leburori suka ce sun ci karo da jijiya mai kyau a sabon rami, amma ruwa yana tsattsafowa daga bango, suna tsoron shiga. Yaya ba mai tura mutum inda shi ba zai shiga ba ne. Ya tuɓe riga, ya ɗauki kyandir, ya ce a sauke shi ya gani da idonsa. Ni da Inna muna tafe da tukunyar gwate za mu kai wa ma'aikata, rana ta kusa tsaka. Ban ji wata babbar ƙara ba. Wani sauti ne mai nauyi, kamar an jefar da buhun masara a cikin ɗaki, na ji shi a tafin ƙafata kafin ya iso kunnena. Sai na hangi mai riƙe da igiya yana ja, yana ja, igiya tana zuwa da sauƙi, ta fito ba kowa a jikinta. Tukunyar ta faɗo daga kaina.

Ban san yadda labari ya kai bariki ba, na dai ga mutane suna ɓullowa ta kowace hanya da diga da shebur. Malam tela maƙwabcinmu ya zo da tef ɗin awo a wuya, bai ko tsaya cire shi ba. Mahauta sun bar nama a kan tebur. Wasu Fulani da ke wucewa da shanu suka bar su suka karɓi kwanonin kwasar ƙasa. Ba wanda ya tsaya tambayar wane ne a ciki, na coci ne ko na masallaci. Nakan tuna wannan in na ga yadda garin nan ya koma, kowa da unguwarsa, kowa ya san titin da ba zai ƙetare ba in rana ta faɗi. Jikokin Malam tela suna Anguwan Rogo yanzu, in mun haɗu a asibiti ko a tasha mukan rungumi juna mu yi kuka, amma an daɗe ba wanda ya taka gidan wani. A ranar nan kuwa kakansu ne ya yi tono har tafin hannunsa ya sale.

Tsohon helima, shugaban leburori, ya hana a tona ta sama, ya ce sauran ƙasar za ta rufta masa, sai dai a biyo ta gefe. Kafin nan ya sa aka ciro bututun ƙarfe daga injin jan ruwa, aka yi ta buga shi a hankali har ya faɗa cikin sararin da Yaya yake. Ya kara kunne, ya ɗago ya ce, "Yana da rai!" Sannan ya yafito ni. "Auta, zo ki zauna nan ki yi masa magana, mu muna da aiki."

Na durƙusa a cikin taɓo na kara kunnena. Abin da na ji har yau bai fita kunnena ba. Na san muryar Yaya yana dariya, na san ta yana waƙa, na san ta yana faɗa da direbobi. Wannan kuwa wani irin nishi ne da haki, kamar dabbar da tarko ya kama.

"Yaya!"

"Auta? Auta, ki yi magana. Kada ki yi shiru."

"Suna tono, Yaya, sun kusa. Ka ji ciwo?"

"Bar zancen ciwo. Ki yi ta magana kawai, ko mene ne. In kin yi shiru babu kowa a nan. Auta, babu kowa a nan!"

Na yi ta magana. Na faɗa masa waɗanda suka zo tono, na faɗa masa tukunyar gwate ta fashe, na ba shi labarin akuyarmu da ta haihu, na koma kan wanda ya auri wance da wadda ta yi yaji. Da zarar na tsaya haɗiye yawu sai ya ƙwala ihu yana kiran sunana, ihun ya biyo bututu ya daki kunnena. Haka muka yi ta yi har muryata ta dushe, ina buɗe baki iska kawai ke fita. Duk wannan lokaci Inna tana gefe a durƙushe, goshinta a ƙasa. Da ta ga na kasa, ta rarrafo ta ture ni, ta sa bakinta a bututun, ta kira shi da sunansa na baftisma. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Sannan ta fara addu'a, irin wadda take yi a gida, tana yi wa Ubangiji magana kamar yana zaune a kan turmi kusa da ita. Yaya bai ce amin ba, amma ihun ya tsaya. Rana ta yi ja kafin suka iso gare shi. Suka jawo shi ƙafa ɗaya a karye, faratansa duk sun fita wajen yaƙushin bango, bakinsa cike da laka.

Aka yi murna. Aka yanka akuya, Malam tela ya ɗinka masa sabuwar riga kyauta, Inna ta je majami'a ta yi godiya a gaban ikkilisiya, shi kuwa ya ce ƙafa ba za ta bar shi ya je ba. Ƙafa ta warke, amma mutumin da aka ciro ba shi ne wanda ya sauka ba. Ba a rufe masa ƙofa, ko ana ruwa da iska. Ba ya lulluɓa da bargo duk sanyin Jos. Rediyo kuwa ba ta mutuwa, in tashoshi sun rufe sai ya bar ta tana shuu, shuu, ya ce ya fi babu. In kana hira da shi ka ɗan yi shiru, sai ka ga idonsa ya fara yawo, ya yi sauri ya jefo wata magana da ba ta da kai. Harkarsa ba ta lalace ba, sai ma ƙaruwa da ta yi. Ya sayi motar da yake so. Ya je wurin likitoci a cikin gari suka ba shi ƙwayar barci, wani abokinsa ya kai shi wurin mai magani aka ba shi turare, ya riƙa zuwa otal-otal inda ake kiɗa, ba don ya sha komai ba, don kawai ya zauna a tsakiyar hayaniya. Yana ta ramewa a cikin manyan riguna. Mai bishara ya zo zai yi masa magana, ya tarbe shi da ladabi, ya ba shi lemo, ya ƙara wa rediyo murya.

Shi ya sa in na ga yaran yanzu da abin jin kiɗan nan toshe a kunne tun daga tashi har kwanciya, gabana yakan faɗi. Ba na ce duk haka suke ba, kuma ba laifinsu nake gani ba. Amma na san wannan fuska. Nakan gan ta a jikin manyan mutane a bayan mota, waya biyu a hannu, ana gama wannan kira ana danna wani. Nakan gan ta har a cikin coci, don yanzu majami'u sun yi yawa, kowace da lasifikar da ta fi ta maƙwabciyarta, daga shiga har fita ba a barin ko ɗan sarari da mutum zai tsaya shi da Ubangijinsa. A da mai bishararmu yakan ce kowa ya sunkuyar da kai ya yi shiru, sai ka ji kukan kurciya a kan rufi. Yanzu in aka ɗauke wuta a tsakiyar sujada sai ka ga mutane suna waige-waige kamar an kama su da laifi. Hayaniya tana iya ɓoye wa mutum cewa cikinsa fanko ne har ya yi furfura, kuma na ga abin da ke faruwa ranar da ta tsaya.

A bayan barikinmu akwai wani babban kududdufi da kamfani ya bari bayan ya gama haƙa, ruwansa kore shar, ba wanda ya san zurfinsa. Ya ci shanu, ya ci yara, tun muna ƙanana ake ja mana kunne a kansa. Wata rana da la'asar na biyo ta wurin da itace a kaina, sai na ga motar Yaya a tsaye a kan hanya, ƙofa a buɗe. Abin da ya fara tsorata ni shi ne rediyon motar a kashe take. Na jefar da itacen na gangara. Ga takalmansa ya jera su a kan dutse, ya cire agogo ya sa a cikin ɗaya. Shi kuwa yana tsaye a cikin ruwa, ya kai masa ƙwauri, ya ba ni baya. Ban yi ihu ba, ban san abin da ya hana ni ba. Na shiga ruwan na kama bayan rigarsa da hannu biyu.

"Koma gida, Auta," ya ce, bai waiwayo ba.

"Sai dai mu koma tare."

Sai ya fara magana a hankali, kamar mai ba da labarin wani.

"Kowa yana tsammanin duhu ne ya firgita ni, ko mutuwa. Da kyandir ya mutu ban ji tsoro ba, na ce to, lokaci ya yi. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa zai kira wani. Sai na tuna ai na riga na ce babu kowa. Na nemi abin da zan riƙe, na tuna babur, na tuna ramuka, na tuna mutanen da na taimaka. Ba ko ɗaya da ya sauko tare da ni. Na ga duk abin da na yi tun da aka haife ni, in ƙasar nan ta ƙarasa rufe ni, daidai yake da ban yi ba. Ba mai gani, ba mai tambaya, ba wanda zan ce wa na gode, ba wanda zan ce wa ka yi haƙuri. Na ɗauka in an fito da ni zai wuce. Auta, bai wuce ba. Ashe tun da can yana nan, aiki ne ya hana ni ji. In da safe na tashi sai in ce don me? In na ci abinci sai in ce don me? Na gaji."

Ni ba mai ilimi ba ce, kuma tsoro ya riga ya cinye duk abin da aka koya mini a ajin baftisma. Abin da ya zo bakina kawai na faɗa.

"To ka kira mana, Yaya. Ka ce bakinka ya buɗe zai kira. Ka bar shi ya kira."

Sai a lokacin ya juyo. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idon ɗan Adam ba.

"In na kira aka yi shiru fa? Yanzu ko ba komai ina iya cewa ban gwada ba. In na kira ba a amsa ba, me ya rage mini?"

"In aka yi shiru, ruwan nan ba inda zai je, gobe ma yana nan. Amma ba zan sake ka ba sai ka kira."

Muka tsaya a haka, sanyin ruwa yana hawa ƙafafuna. Na ga leɓɓansa suna motsi ba sauti, kamar mai koyon magana. Can ya ce, da wata ƴar ƙaramar murya, "Yesu." Ya tsaya. "Yesu, in kana nan, ga ni. Ba ni da komai." Na rufe ido ina jira, ni ma ban san abin da nake jira ba. Sama ba ta tsage ba, ba mu ji wata murya ba. Iska ce kawai a cikin ciyawa, da wani tsuntsu a ƙetare. Na ce a raina shi ke nan, an yi shirun da yake tsoro, na ƙara damƙe rigar. Sai ya zauna daɓas a cikin ruwan ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da aka binne Baba. Ya yi ta yi har inuwar dutse ta rufe mu. Da ya gama ya share fuska da hannun riga, ya miƙe, ya hau ya sa takalmansa. Motar ma a nan muka bar ta, muka taka da ƙafa.

Mun tarar da Inna tana kwashe tuwo. Ta dubi wandonsa a jiƙe, ta dubi zanena, ta dubi fuskata. Ba ta tambayi komai ba, sai ta ce mu wanke hannu. Aka ajiye kwano, muka zauna, Yaya bai sa hannu ba.

"Inna, ki sa mana albarka," ya ce.

Inna ta buɗe baki, matar da ba ta taɓa rasa abin faɗa wa Allah ba, amma ba abin da ya fito. Hawaye ne kawai ke bin kumatunta. Muka yi ta jira, tuwo yana hucewa. Da ya ga ba za ta iya ba, sai ya sunkuyar da kai da kansa.

"Ubangiji, mun gode da abinci," ya ce. "Ni ne. Na dawo, in za ka karɓe ni."

Inna ta ce amin da ƙarfi har kaji suka watse.

Ba zan ce daga ranar tsoro ya bar shi gaba ɗaya ba, don ba haka aka yi ba. Ya koma majami'a amma a bencin baya yake zama, kuma bai ƙara ɗaga waƙa ba. Kasuwar kuza ta faɗi, ya koma noman dankalin Turawa, ya yi aure, ya tsufa a cikin rufin asiri. In samarin coci suka tambaye shi, "Baba, da ka kira, me ka ji?" yakan ce, "Ban ji komai ba. Amma da na kira na san ba bango nake yi wa magana ba. Yadda aka yi na sani, wannan ban iya faɗa muku ba." Wasu su gamsu, wasu su tafi suna murmushi, shi kuwa ba ya ƙara komai a kai.

Yanzu ni ma na kai inda sa'annina suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, mai gidana ya riga ni, ƴaƴa kowa yana garin da abinci ya kai shi. Da hantsi in mutanen gida sun watse, wani abu yakan zo ya zauna kusa da ni a bakin gado, ya tambaye ni duk wahalar nan da na sha don me, kuma wa zai tuna. Ba zan ɓoye ba, ina jin tsoronsa. Sai in kira. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma yakan kai ni yamma.